Kabarin Baffa a Ƙetaren Rafi

Allah Ya ji ƙan Baffa, Ya ba shi hutu, mu da ya bari kuma Ya ba mu juriya. Tun da ya rasu nake cewa zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauki biro in ajiye. Abin da ya tunzura ni yanzu shi ne, rannan na ji wata yarinya a unguwarmu tana tambayar uwarta wa ya hana a yi gini a filin da suke wasa, uwar ta ce oho, ƙila gwamnati ce. Alhali Baffa ne ya hana. Mutumin da ya yi faɗa da rabin gari a kan wannan fili, tun ba a je ko'ina ba har an fara mance shi.

A tsakiyar damina ya cika, da hantsi, a gadon asibiti. Kafin la'asar gida ya cika maƙil. Tsofaffin sojoji abokan aikinsa suka zo, wasu da sanda, wasu ana riƙe da su, kowanne ya tsaya a ƙofar ɗakinsa ya ƙame ya sara wa ɗakin da ba kowa a ciki. Dangi suka iso daga Mahuta da Kanya, washegari na Dirin Daji suka biyo baya da buhun dawa a kan babur. Matan coci suka kama tsakar gida da waƙa da kuka, maƙwabtanmu Musulmi suka shimfiɗa tabarmi a waje suna karɓar gaisuwa kamar nasu ne ya mutu. Akwai wani magini da Baffa ya sha tsayar masa da aiki, ya shigo yana cewa to, yau dai an huta da awo, bai rufe baki ba ya fashe da kuka har sai da aka fita da shi. Wani mai shago kuma ya yi addu'arsa tsaf, ya shafa, sannan ya raɗa wa na kusa da shi cewa Allah Ya ji ƙansa, amma fa ya gasa masa aya a hannu. Na ji shi da kunnena, ban kuma ji haushi ba, don gaskiya ya faɗa.

A ƙarƙashin duk wannan gaisuwa, magana ɗaya ce ke yawo a bakin mutane ƙasa-ƙasa: ina za a binne shi? Gawar tana ɗakin ajiya na asibiti ana jiran babban ɗansa ya iso daga bariki, kowa kuma ya san wuri biyu ne. Akwai tsohuwar maƙabartar gidanmu a gindin dutse, inda matarsa da iyayensa suke kwance. Akwai kuma sabuwa a ƙetaren rafi. Ta farkon, shi da bakinsa ya yarda aka rufe ta.

Goggo, yayarsa, ko ɗigon hawaye ba ta zubar ba. Ta zauna a dokin ƙofarsa ta miƙe ƙafa, sandarta a kan cinya, duk wanda ya durƙusa ya ce mata ya haƙuri, amsarta ɗaya ce: "Gefen matarsa zai kwanta."

Baffa yayan mahaifina ne. Mahaifina ya rasu a aikin soja ina ƙarama, Baffa ya ɗauko ni ya haɗa da 'ya'yansa, matarsa kuma, wadda muke kira Inna, ita ta raine ni. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Ko faɗa zai yi mini da Uwata yake farawa, shi ya sa faɗan nasa ya fi na kowa zafi.

Shi ma soja ne. Da ya yi ritaya ya dawo Zuru ya kama noma, sai a farkon shekarun dubu biyu aka sa shi cikin kwamitin da ke duba filaye da gine-gine, a matsayin wakilin jama'a. Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. In mutum zai yanka gonarsa ya mai da ita filotai, ko zai gina gidan haya, ko zai kafa injin niƙa a tsakiyar gidajen mutane, sai ya kawo zane ya nemi izini. Kwamiti ya zauna, akwai safiyo mai awon fili, akwai duba-gari, akwai mutumin sashen ayyuka, da wakilin hakimi, da irin su Baffa. Su duba faɗin hanya, da inda ruwan sama zai bi, da tazarar rijiya da masai, da ko an bar wa makaranta wuri. Su kira maƙwabta su ji ko akwai mai ƙorafi. Daga nan ko su amince, ko su amince da sharaɗi, ko su mayar wa mutum da zanensa ya je ya gyaro. In fili babba ne sai an kai Birnin Kebbi an sa hannu.

Sauran 'yan kwamiti sukan je su duba fili sau ɗaya. Baffa kuwa sai ya koma shi kaɗai a kan tsohon kekensa, da takalmin roba da laima a ɗaure a baya, ya taka filin daga wannan kusurwa zuwa waccan. Tambayarsa ba ta canzawa: ina ruwa zai bi? Ya yi ta har ta zama sunansa, yara suna hango kekensa sai su ce ga Ina-ruwa-zai-bi nan. In an kawo zanen fili mai kwari da rani, sai ya roƙi kwamiti a dakata har a yi ruwan farko a ga abin da ƙasa za ta yi. Mutum ya sayi siminti, ya kira magina, a ce masa ya jira damina! Zagin da Baffa ya sha a garin nan, Allah kaɗai Ya san iyakarsa. Kuma ba kullum yake da gaskiya ba. Ya taɓa sa aka tsayar da wani malamin asibiti rani guda cur, ruwa ya sauka, fili lafiya lau, ko kududdufi babu. Baffa bai iya cewa yi haƙuri ba, bakinsa bai saba ba. Sai ya kama zabuwa ya kai gidan mutumin, ya ajiye a zaure, ya tambayi lafiyar yara, ya hau kekensa.

Akwai wani halinsa kuma. Duk ranar da aka kawo maganar ɗan uwa ko suruki gaban kwamiti, sai ya ɗauki hularsa ya fita, ya zauna a gindin darbejiyar da ke harabar ofis har a gama. Dangi ba su ji daɗin wannan ba ko kaɗan. Suna cewa me ke amfanin samun naka a kujera in ranar bukatarka yana gindin bishiya yana korar ƙuda?

Gonar gidanmu tana gindin dutse, yamma da gari, a nan kufan kakanninmu yake. A gefe guda ga kaburbura, na manya da tukwanen da ake ɗorawa a kansu tun zamanin da, wasu sun fashe, wasu suna nan daram. Mu a wurinmu mamaci ba ya nisa da gida, yana nan ne inda za a wuce a gaishe shi. A nan aka sa kakata, a nan aka sa Inna. Baffa golmo ya yi kafin a ba shi Inna, wato noman da saurayi ke yi wa surukansa shekara da shekaru, tun kafin ya shiga soja. Yakan ce bai taɓa yin aikin da ya biya shi kamar wannan ba. Ranar da aka binne ta, shi ya nuna wa masu haƙa wuri, ya kuma sa aka bar faɗin mutum ɗaya a gefenta. Bai ce na wane ne ba, ba wanda ya tambaya.

Sai gari ya taso ya iske gonar. Sojoji suna ta yin ritaya suna dawowa, matan waɗanda ba su dawo ba suna cunkushe da yara a ɗakin haya. Mu da maƙwabtan gonarmu muka haɗa baki a yanka wurin ya zama unguwa. Aka yi zane aka kai kwamiti, Baffa ya ɗauki hularsa ya nufi darbejiya. Abin da ya faru a ciki shugaban kwamitin ne ya ba ni labari daga baya, wani Alhaji abokin Baffa tun suna firamare. Ya ce duba-gari ne ya ɗaga hannu. Ya ce wurin ba famfo, kowane gida rijiya zai haƙa, kuma ƙasar ta gangaro ne daga kaburbura zuwa filotai. Tsofaffin kaburbura ba su dame shi ba, a kewaye su kawai. Amma in gidanmu ya ci gaba da binnewa a nan, kowane mai sabon gida ma a tsakar gidansa zai binne nasa, kamar yadda aka saba, ga rijiyoyi kuma jere. Kwamiti ya tsaya a kan abu biyu. Ko a ƙi zanen gaba ɗaya, ko a amince da sharaɗin a kewaye tsohuwar maƙabarta a rufe ta, a hana binne kowa a cikin unguwar, a ware sabon wuri a kan tudu a ƙetaren rafi.

Aka aika gindin bishiya aka kira shi, ba a matsayin ɗan kwamiti ba, a matsayin mai gida. Alhaji ya ce masa ba gaggawa, ya je gida ya yi shawara. Baffa ya daɗe a tsaye da hula a hannu. Ya tambayi duba-gari ko da gaske abin zai iya kai wa rijiyoyi. Mutumin ya ce ba zai rantse zai kai ba, ba kuma zai rantse ba zai kai ba. Baffa ya ce to a rufe.

Bai shawarci Goggo ba. Wannan kam laifinsa ne, na faɗa masa yana da rai, ina kuma faɗa yanzu. Kan soja ne da shi, in ya ga abu daidai ne yana ganin an gama magana. A kasuwa Goggo ta ji. Da safe sai ga ta, sanda tana dukan ƙasa tun daga zaure, ina shara a tsakar gida. Ba ta zauna ba. Ta wanke shi tas da yarenmu, ta ce ya rufe wa uwarsu ƙofa don baƙi su sha ruwa, ta ce kakin soja ya cinye masa hankali. Yana zaune a kujerarsa ta katako, kai a sunkuye, ƙato da shi da furfura. Da ta gaji ta koma Hausa, don ta tabbata maƙwabta sun ji.

"Kai a ina za ka kwanta?"

"Ƙetaren rafi, Yaya."

"Matarka fa?"

Ta ce to ya ji da kyau, muddin tana numfashi a gefen matarsa zai kwanta ko yana so ko ba ya so, gawa ai ba ta zaman kwamiti. Daga ranar ta daina shiga gidansa. Ya aika mata naman Kirsimeti ta maido. Amma duk lokacin da ta yi daddawa sai ta kira ni ta ƙulla mini a leda, ta ce ta yi mata yawa ne, in kai wa duk wanda na ga dama, ta kuma san sarai wanda zan kai wa.

Aka yanka unguwa, aka kafa turakun siminti, aka kewaye kaburbura da bulo aka sa ƙofar ƙarfe. Ni ma na samu filoti, ni da mijina muka fara gini. A nan na ɗanɗana tawa. Bangon kicin ɗina ya ɗan leƙa hanya, bai fi kamu ɗaya ba, ga shi tsayinsa har ya kai taga. Sai ga keke. Ya sauka, ya ja igiya daga turke zuwa turke, ya dube ni ya ce, Uwata, wannan bango ba a gidanki yake ba. Na yi magiya, na yi fushi, na ce hanyar da ko jaki bai fara bi ba! Ya ce wata rana motar asibiti za ta bi. Aka rushe. Har gobe ina ganin da ya bari ba abin da zai faru, kuma na yi wata guda ban kai masa abinci ba. Shi kuwa kullum da sassafe sai in iske shi a filin ya tuɓe riga yana kankare tsofaffin bulon ɗaya bayan ɗaya don kada su lalace. Shi ya riƙa miƙa wa magini har bangon ya sake tashi a inda yake so.

Abin da ya fi komai nauyi a zamansa na kwamiti a gidan maƙwabcina ya faru. Wani tsohon kofur ne daga wajen Kanya, ya zuba duk abin da ya tara a soja ya gina ɗaki biyu da falo, bai ci damina biyu a ciki ba ya faɗi ya mutu. Iyalinsa suka yi abin da kowa ya tashi ya ga ana yi, suka fara haƙa a bayan ɗakinsa. Ramin ya kai gwiwa Baffa ya shigo. Ina wurin. Bai ɗaga murya ba, ya je ya tsaya a bakin ramin kawai, masu haƙa suka ajiye diga. Matar Kofur ta fito ta zube a gabansa ta riƙe ƙafarsa. Ta ce mijinta ya sha wuya a kan gidan nan bai more shi ba, a bar shi ya kwanta a ciki. Baffa ya nuna mata rijiyarta, ya nuna tawa ta bayan katanga, ya ce ba zai yiwu ba. Sai ta saki ƙafar ta miƙe, idonta jajir.

"Ku masu gari naku suna nan cikin katanga da ƙofar ƙarfe. Mu baƙi ne za a kai daji a yar."

"Ni ma can zan bi shi," in ji Baffa. "Ki riƙe wannan magana."

Gidan cike yake da mutane, kowa ya ji. Kabarin Kofur shi ne na farko a ƙetaren rafi, Baffa kuma yana cikin waɗanda suka sa kafaɗa suka ɗauki akwatin, da tsufansa. Matar ba ta sake gaishe shi ba. In ta hango kekensa sai ta shige gida. Shi kuwa duk damina yakan ɗauki adda ya share hanyar maƙabartar, ya nome kan kabarin Kofur, in an yi girbi ya kai dawa coci ya ce a ba ta kada a ce daga ina. Ta sani mana, wa zai ɓoye abu a unguwarmu? Tana karɓa saboda yara, amma gaisuwa dai babu.

Da ciwo ya fara kama shi, ƙafafu suka kumbura, ya ajiye keke, ya bar zuwa kwamiti. Wata rana da yamma ina dawowa daga makarantar da nake koyarwa na hango shi a jikin katangar tsohuwar maƙabarta, ya dafa bulo yana leƙen ciki. Mabuɗin ƙofar yana aljihunsa amma bai buɗe ba. Na tsaya kusa da shi. Can ya ce, Uwata, na yi wa innarki laifi, na ce mata ina nan tafe. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Na ce to mu roƙi kwamiti mana, mutum ɗaya ne, wa zai hana shi? Ya yi 'yar dariya ya ce in maganar ta zo ai shi gindin darbejiya zai koma. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, muka taka a hankali zuwa gida.

A asibiti Goggo ta sauke fushinta, ta zo ta tare a gefen gadonsa tana ba shi kunu da cokali tana yi masa faɗa wai ba ya haɗiyewa. Ana gobe zai rasu zazzaɓi ya rufe shi, ya yi ta kiran Inna, yana cewa a kai shi wurinta, tana jira. Ni da Goggo duk mun ji. Ba zan ɓoye ba, ni ma a gefen Inna nake so a sa shi. Su biyun ne suka raine ni, ban ga dalilin da za a raba su da rafi ba.

Da babban ɗansa ya iso, Goggo ta faɗa masa kalaman ƙarshe, ya ce magana ta ƙare. Da yamma Alhaji shugaban kwamiti ya zo gaisuwa, ya nemi ganin Goggo da yayan nawa a keɓe, ni ina kawo ruwa. Ya ce sun tattauna da sauran 'yan kwamiti, ba a ofis ba. Mutumin nan ya yi wa garin nan aiki, kabari ɗaya ne, ranar jana'iza ba wanda a cikinsu hanya za ta biyo da shi ta gindin dutse, balle ya ga an binne shi a can. Yana faɗa yana share ido da bakin rawani. Goggo ta gyaɗa kai ta ce Allah Ya yi masa albarka. Washegari da safe aka buɗe ƙofar ƙarfe, masu haƙa suka shiga.

Daga tsakar gida ana jin ƙarar diga in iska ta juyo. Muna zaune da matan coci sai ga matar Kofur, wadda tun rasuwar ba ta leƙo ba. Ta cire takalmi, ta durƙusa gaban Goggo, ta yi gaisuwa yadda ya kamata, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, Allah Ya ji ƙan Baba. Ba ta tashi ba. Ta ce ba fitina ta kawo ta ba, tambaya ɗaya ce, in an amsa mata za ta tafi.

"Ya ce in riƙe maganarsa, na riƙe. Yanzu na ji ana haƙa. In sake ta ne?"

Ni kam jinina ya hau, na ce a raina dubi matar nan, a ranar makoki, mutumin da ya ciyar da 'ya'yanta! Yayana ya taso daga zaure ransa a ɓace yana cewa a fitar masa da ita. Goggo ta ɗaga sanda, kowa ya tsaya inda yake. Ta dubi matar. Sannan ta tambaye ta ko a gaban mutane ya faɗa, matar ta ce gida cike. Goggo ta juyo gare ni ta ce ke kina wurin? Na ce ina wurin, Goggo. Ta ce haka ya faɗa? Na ce haka ya faɗa.

Ta sunkuyar da kai, ta yi ta murza kan sandarta da babban yatsa. Ana ta jin digar nan daga nesa.

"Tun yana yaro taurin kai ne da shi, amma ba ya ƙarya," in ji ta. "Ba ni zan sa ya fara bayan ya mutu ba. A je a mayar da ƙasar."

Yayana ya durƙusa ya ce, Goggo, abin da ya faɗa a asibiti fa? Ta ce da kunnenta ta ji, ba sai an tuna mata ba, ita ma abin da take so ke nan, shekara nawa tana faɗa a kai. Ta sake cewa a mayar da ƙasar. Sai a lokacin hawayenta suka zubo, ba sauti, suna bin tsagar fuskarta suna ɗiga a zane. Matar Kofur ta kifa kai a ƙasa ta fashe da kuka, aka rasa mai rarrashin wani.

An kwana ana ruwa kafin ranar jana'iza. Gadar da Baffa ya yi ta nema a kan rafin ba ta samu ba tukuna, ruwa kuma ya ciko ja wur yana gudu. Bayan an fito daga coci mota ta kawo akwatin har bakin rafi, daga nan sai ƙafa. Samari suka tuɓe riguna suka ɗaga shi bisa kai, ruwa yana kai musu ƙugu, wasu sun yi sarƙa da hannu a ƙasa da su don kada wani ya zame. Tsofaffin sojojin nan da ƙyar suke tafiya a tudu, amma waɗanda suka iya suka naɗe wando suka shiga. Fasto ya ɗora littafinsa a ka. Alhaji ya tattare babbar riga ya bi su. Matar Kofur ma ta ɗaure zane ta haye, ita ta san hanya.

A kan babur aka kawo Goggo. Ta sauka, ta taka har inda ruwa ke lasar ƙasa, ta tsaya. Ƙafafunta ba za su iya ba, kowa ya gani. Wani jikanta ƙaƙƙarfa ya durƙusa a gabanta ya ce ta hau ya haye da ita. Ta ture shi da sanda ta ce ba wanda zai goye ta. Na roƙe ta, yayana ya dawo daga tsakiyar ruwa ya roƙe ta, ta ƙi. Sai na ce su tafi, ni zan tsaya da ita. Shi ya sa ban ga an saka Baffa a ƙasa ba, ni da ya raina.

Muna tsaye muna hangen mutane suna hawa tudu har bishiyoyi suka rufe su. Can muka fara jin waƙa, iska tana kawo ta guntu-guntu, ruwa yana cinye sauran. Da waƙar ta tsaya Goggo ta gane an fara zuba ƙasa. Sai ta miƙa mini sandarta, ta sa hannu biyu a baki, ta ƙwala kira da wani suna da ban taɓa ji ba, sunan da ake kiransa da shi tun kafin makaranta, tun kafin soja. Ta kira, ta saurara. Ta sake kira, muryarta ta karye.

Ta karɓi sandarta ta jingina da ni, jikinta ba nauyi ko kaɗan.

"A bayana na haye da shi rafin nan," in ji ta. "Za mu kai wa babanmu abinci wata gonarsa a ƙetare, ruwa ya ciko kamar yau. Yana kuka ya shaƙe mini wuya, ina ce masa kada ya ji tsoro, ina nan. Yau ni na ce a haye da shi, kuma ban bi shi ba."

Muka tsaya a nan bakin ruwa har masu binnewa suka fara gangarowa.

Allah Ya ji ƙanka, Baffa, Ya sa inda ka kwanta ya yi maka sanyi. Goggo kuma Allah Ya dube ta.